Sitati da Kashi na Huɗu

A layinmu babu wanda ya kai Sitati iya guga, kuma babu wanda ya kai shi raina mutane. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin bene, tsakanin mai sayar da siminti da teburin wani mai gyaran waya. A ciki akwai tebur mai faɗi da aka lulluɓe da tsohon bargo, dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta, sai igiya cike da riguna. Idan ka kai masa kaya, zai ɗaga rigar da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya dubi wuyanta, sannan ya dube ka.

"Wannan a jiki ka sa ta, ko mota ka goge da ita?"

Sunan tun yana ɗan koyo ya same shi, don yakan zuba sitati har wando ya iya tsayuwa shi kaɗai. Yanzu ya yi furfura, hannunsa na dama duk tabon ƙuna, kuma bakin nan nasa bai yi laushi ba ko kaɗan. Mutum ɗaya ne a duniya ba ya ɗaga wa hanci, shi ne yayansa.

Yaya direban babbar mota ne a da. Shi ya riƙe Sitati bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sayo masa dutsen guga na farko. Ciwon ido ya riƙa cin sa a hankali har ya raba shi da sitiyari, daga baya ya raba shi da komai. Fim na ƙarshe da ya gani da idonsa, su biyu suka shiga silima suka kalla. Sunansa Fitilar Gada. Labarin wani tsohon mai gadin gada ne. Ruwa ya cinye ƙafar gadar, ga mota cike da fasinja tana tafe, tsoho ya tsaya a tsakiya yana kaɗa fitila har motar ta ja birki, shi kuma gadar ta rufta da shi. Yaya direba ne, ya san abin da ake nufi da wani ya tsaya maka da fitila a hanya. Ranar ya fito yana share fuska, yana cewa ai idon ne ke ruwa, ciwo ne.

Da aka yi kashi na biyu, Yaya ba ya gani. Daga nan Sitati ya zama idonsa. Yakan jingina waya da gwangwanin sitati, ya kalli fim yana guga, ya maimaita har ya haddace, ranar da ba ya buɗe shago kuma ya tafi gidan Yaya da yamma. Ba labari yake bayarwa ba, yin fim ɗin yake da bakinsa. Muryar ɗan da tsohon ya bari, jarumin na biyu, daga ƙirji take fitowa, ta mugun ɗan kwangila kamar bakinsa cike da auduga, ta mata kuwa duk ta hanci, don a wurin Sitati haka mata ke magana. Faranti ne tsawa. Leda ce gobara. In an zo wurin ruwan sama, sai ya ɗauko kwalbar feshin guga ya fesa wa Yaya a fuska.

"Kai, ɗan banza, ka jiƙa ni!"

"Ruwa ake a fim ɗin, Yaya, ya zan yi?"

Matar Yaya daga kicin takan ce, "Allah ya shirye ku, manya da ku." Amma ba ta nisa da ƙofa sai an gama.

Haka aka yi na biyu, haka aka yi na uku. Sitati yana ganin duka biyun shirme ne, an dai ga na farko ya samu karɓuwa ana ta tatsa. Amma tsohon yana kabarinsa ba a taɓa shi ba, don haka ya haƙura.

A jikin shagon, kusa da teburin mai gyaran waya, akwai wani benci. Mai teburin saurayi ne, ana ce masa Caja, kuma bencin nan shi ne majalisar masana fim na layin. Daga safe zuwa yamma suna nan, kai a sunkuye kan waya, suna tsayar da hoto suna ƙara girmansa. Wane ya lura fitilar a hannun hagu take a na ɗaya amma a hoton bango na na uku tana dama. Wane ya gano takalmin ɗan kwangila ya canza tsakanin ƙofa da mota, kuma wannan, a cewarsa, saƙo ne. Sitati yakan leƙo, dutsen guga a hannu.

"Ku fim kuke kallo ko ƙwarƙwata kuke nema?"

"Baba Sitati, ai sai an zurfafa."

"Ka zurfafa ka gyara wayar matar nan, tun jiya take zarya."

Da kashi na huɗu ya fito, Caja bai iya jira ba. Ya shigo har cikin shago, abin da ba ya yi.

"Baba Sitati, ka gani? Tsohon bai mutu ba!"

"Wane tsoho?"

"Mai fitila mana! Ashe shi ya kwance ƙarafan gadar ya sayar wa ɗan kwangila. Fitilar nan ba mota yake tsayarwa ba, 'yan kwalekwale yake wa alama su zo su ɗauke shi ta ƙasa. Direban sa'a kawai ya ci, ya hango."

Sitati ya tsayar da dutsen guga a kan gindinsa.

"An haife ka lokacin da aka yi na ɗaya?"

"Ba a haife ni ba, amma..."

"To fitar min daga shago, kana taka min zanin gado."

"Wallahi yanzu na ɗayan ya fi ma'ana. Koma ka kalla. Murmushin nan da yake wa yara a farko, duk na munafunci ne."

Sitati ya kalli na huɗu a tsaye, yana tsaki daga farko har ƙarshe. Ga tsohon nan da ransa, ya yi ƙiba, yana zaune a wani gida mai labule yana dariya. Sannan, abin da bai kamata ya yi ba, ya koma ya sa na ɗaya. Abin haushin shi ne yaron bai yi ƙarya ba. Hoton bai canza ba, maganar ba ta canza ba, amma duk inda tsohon ya waiwaya sai ka ga kamar hanyar gudu yake dubawa. Wasu mutane da ba su iya ƙirƙiro sabon labari ba sun koma baya da ƙazantattun hannaye sun shafa wa wanda aka riga aka gama. Ranar Sitati ya ƙona wuyan rigar wani malamin makaranta, ya kuma ce laifin yadin ne.

Yaya ya riga ya ji tallar fim ɗin a rediyo, yana jira. Sitati ya yanke shawara shi kaɗai cewa wannan shara ba za ta shiga gidan Yaya ba. Mutumin nan hoto ɗaya ya rage masa mai kyau a kansa, tsoho da fitila, ba za a zo a ce masa ɓarawo yake tunawa ba. Sai ya zauna ya haɗa nasa na huɗun.

A nasa, tsohon ya mutu, ya kuma ci gaba da mutuwa. Jikarsa ce ta girma ta zama injiniya, aka ba ta aikin sabuwar gada, ana haƙa ta tono fitilar kakanta a cikin laka, ta goge, ta kunna. A faɗi gaskiya, labarin Sitati ma ba wani abin kirki ba ne. Zaƙi ya yi masa yawa, kowa kuka yake, har ɗan kwangila ya tuba ya rungumi maƙiyansa. Amma ya yi shi da dukkan muryoyinsa, Yaya kuwa ya saurara baki buɗe.

"Ta kama? Bayan shekarun nan duka?"

"Ta kama, Yaya."

"Kai! Ka ga masu hankali. Wannan ya fi na biyu da na uku."

Ya sa aka sake masa mako na gaba, har yana gyara wa Sitati inda ya manta abin da ya faɗa a karon farko.

Abin da Sitati bai lissafa ba shi ne Yaya yana da ƙafa, yana da baki, kuma yana da waya. Wayar ta daina kama rediyo. Matarsa ta riƙo hannunsa wata safiya ta kawo shi wurin Caja, ta zaunar da shi a kan benci ta wuce kasuwa. Sitati ya fita kai kayan wani otal. 'Yan majalisa kuwa suna tsakiyar musu, ko na huɗu ya gyara na ɗaya ko ya kashe shi. Yaya ya saurara kaɗan, ya ji ana maganar fim ɗinsa, ya gyara zama.

"Yara, ku daina hayaniya. Ni wurin da ya fi taɓa ni, inda jikar ta tono fitilar."

Caja ya ɗago kai daga kan waya.

"Wace jika, Baba?"

"Injiniyar mana. Da ta goge lakar da gefen rigarta."

Wani ya fara dariya ta hanci, wani ya kama. Wani mai jar hula ya ce, "Baba, a wace silima ka kalla?" Na kusa da shi ya zungure shi, amma maganar ta riga ta fita, kuma dariyar ta ƙaru.

Yaya bai ja da baya ba, direba ne, ya saba musu a tasha. Ya kawo musu tuban ɗan kwangila, ya kawo jawabin jikar a bakin gada kalma da kalma, yana ɗaga sanda. Suna riƙe ciki. Caja, wanda a ganinsa taimako yake, ya ce, "Baba, bari ka ji da kunnenka." Ya sa masa waya a kunne.

Muryar tsohon ce. Yaya ya san ta, ya riƙe ta a kansa tun ranar silima. Ga ta nan tana dariya, tana cewa ƙarafan gada sun fi fasinja tsada.

A daidai nan Sitati ya dawo da buhun kayan wanki a kafaɗa. Ya dubi bencin sau ɗaya ya gane. Ya buɗe baki zai wanke Caja, Yaya ya ce, "Na ji takunka. Kada ka zagi yaron mutane." Can matarsa ta dawo ta tafi da shi.

Da yamma Sitati ya rufe shago ya bi su. Ya tarar da Yaya a kujerarsa ta bakin taga.

"Yaya, su suka yi ƙarya. Ni da kai mun gani da idonmu, mutumin nan ya mutu. Wasu 'yan neman kasuwa ne suka tono shi."

"Su duniya suka yi wa ƙarya, a fili, kowa ya ji ya zage su. Kai ni kaɗai ka zaɓa, don ka san ba zan duba ba."

"Don kada ranka ya ɓaci ne."

"Yara sun yi min dariya yau, ina ɗaga sanda ina kare abin da babu shi. Na biyu fa? Ɗan tsohon ya fita daga kurkuku ko kai ka fitar da shi?"

"Ya fita, wallahi."

"Na uku?"

"Yadda na faɗa maka haka yake."

"Da ka je ka ga gidan da 'yata ta koma, ka ce min akwai fili, akwai iska?"

"Akwai, ka tambayi mahaifiyarta."

"Zan tambaya. Motata fa? Ka ce wanda ya saya mutumin kirki ne, har yanzu kana ganinta a hanya."

Sitati ya yi jinkiri. Bai daɗe ba, amma makaho yana jin jinkiri kamar yadda mai ido ke ganin rami.

"To," in ji Yaya. "Masu gwangwan suka yanka ta suka sayar da ƙarfen ke nan."

Daga ranar ba a ƙara yin fim a gidan ba. Yaya bai yi faɗa ba, bai hana shi zuwa ba, sai dai in Sitati ya fara, "Ka san abin da na gani yau a hanya," sai ya ce, "Bar shi." A kan benci kuwa an wuce wurin tuni. An ji ƙishin-ƙishin cewa a na gaba za a nuna ashe wanda ya sayar da ƙarafan ɗan tagwayen tsohon ne, 'yan majalisa suna ta murna, suna tsayar da hoto suna auna kunnuwa. Sitati ko leƙowa ba ya yi.

Ranar nan ya kai wa Yaya kayansa da ya wanke ya goge, kamar yadda ya saba tun da can. Yaya zai je gaisuwar wani tsohon abokin tuƙinsa da ke kwance a asibiti. Sitati ya zaro riga ya ɗora masa a cinya. Yaya ya shafa wuyan, ya shafa aljihun.

"Wacce ce wannan?"

"Farar nan taka, Yaya, mai dogon hannu."

Yaya ya juya kansa wajen kicin ya ɗaga murya.

"Ke, zo ki duba min. Wace kala ce?"

Ta fito tana goge hannu, ta dubi rigar, ta dubi Sitati da ke tsaye.

"Fara ce," ta ce.

Sannan Yaya ya sa hannu a ciki.