Baƙin Lalle a Hannun Yaya Batul

Ranar jajibirin Babbar Sallah ce, shekarar da na shiga aji huɗu, Yaya Batul ta sauko daga motar Khartum da jaka a hannu da kwalin sabulu a ka. Ina zaune a ƙofar gida ina tsince tsakuwa daga riɗin da Habboba, kakarmu ta wajen uba, za ta soya. Sama da shekara ke nan rabonmu da ita, tun da ta tafi Bahri, garin masana'antu da ke ƙetaren kogi daga Khartum, ta zauna wurin Gwaggo Hawwa tana aiki a wata masana'antar sabulu. Na ruga na rungume ta. Da ta sauke kwalin ta dafa kaina, sai na ga yatsunta goma baƙi ƙirin da lalle, har gaɓa ta biyu. A garinmu Gadarif kowace yarinya ta san ma'anar haka: budurwa ba ta baƙanta yatsu, sai wadda aka ɗaura wa aure.

Habboba ma ta gani. Dama ita ba ta taɓa yarda da Bahri ba. Duk abin da ya fito daga can sai ta shinshina shi, ta juya shi sau biyu, sannan ta ajiye. Takan ce, "Garin da kullum ake ƙara masa gidaje, waye ya san maƙwabcinsa?" A kwanakin Sallar nan idonta bai bar Yaya Batul ba, nawa ma haka. Wadda da ita ce gwanar tuyar kisra, wainar dawa mai faɗi, a gidanmu, yanzu ko kusa da murhu ba ta zuwa. In an kawo tiren abinci muka kewaye, sai ta nemi cokali. In mai jaki ya kawo ruwa muna juye shi a randa, sai ta ce bayanta na ciwo. Ko alwala a bayan danga take yi, ita kaɗai, hannayenta kullum a cikin mayafi.

Rana ta uku, Yaya Batul ta tafi gaida dangi, na shiga ɗaki ɗauko tsintsiya, na ga jakarta a ƙarƙashin gado. Na buɗe. Akwai gwangwanin man shafawa mai warin magani, da takarda a naɗe, rubutun ciki duk a cukurkuɗe, amma a ƙasa na iya karanta suna: Usman. Na mayar da komai yadda yake, ina jin kamar na tsinci zinariya.

Da aka koma makaranta, lokacin karin kumallo muna 'yar carafke a ƙarƙashin darbejiya, na raɗa wa ƙawata Asha, na sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Kafin mako ya zagayo, maganar ta gama unguwa, ta kuma yi ƙiba a hanya. Wai Batul ta yi aure a ɓoye da wani Usman. Wasu suka ce direba ne, wasu suka ce ba ma aure ba ne. Matan da suka daɗe ba su taka gidanmu ba suka riƙa zuwa aron turmi ko rariya, suna gaisuwa suna leƙen hannunta. Iyayen Idris tela, wanda ya daɗe yana nemanta, suka daina aiko da gaisuwa. Baba ya dawo daga gonar dawa a Doka, ya kwana biyu bai yi mata magana ba, bai kuma tambaye ta ba. Ita ma ba ta kare kanta ba. Ta tattara kayanta ta koma Bahri tun hutunta bai ƙare ba.

Habboba ce ta bi sawun maganar, gida gida, har ta iso kaina. Ba ta dake ni ba. Ta ce, "Tunda idonki ya iya karatu, ki shirya, ke za ki karanta mini allunan hanya." Muka hau motar Khartum da safe, muka wuce Fau da gonakin auduga, ita tana riƙe da gorar ruwanmu na gida don ba za ta sha na hanya ba. Da muka haye gadar kogin muka shiga Bahri, na ga abin da ban taɓa gani ba: dogayen katangu ba iyaka, bututun hayaƙi, manyan motoci a jere suna jiran lodi, warin man gyaɗa da na fata da na biskit duk a haɗe. A gefen gari kuma gidajen jan bulo ne ake ta ɗorawa, wasu ba a ko rufa ba mutane sun shiga. Kowa sauri yake, ba mai tambayar ɗan wa kake.

Na zaci gidan Gwaggo Hawwa za mu, amma Habboba ta ce ita ma bakinsu ɗaya da Yaya Batul. Ta sa na karanta sunan da ke jikin takardar sabulun, muka yi ta tambaya har muka iso ƙofar masana'antar. Muka zauna wurin wata mai shayi a gindin katanga. Habboba ta karɓi shayin, ta ajiye bai taɓa leɓenta ba. Wajen la'asar aka busa jiniya, ƙofa ta buɗe, mata suka fito rututu. Na fara ƙirga hannaye ba da niyya ba. Wannan baƙi, waccan baƙi, har da 'yan matan da ba su fi ni da shekara biyar ba. Mai shayin ta lura da kallonmu, ta ce da Larabci, "Hajja, sodar haɗa sabulu ce ke cin hannunsu. Lallen yana busar da ciwon, yana kuma rufe shi."

Yaya Batul na cikin na ƙarshe. Da ta gan mu ta tsaya cak. Habboba ta miƙe, ta kama hannunta na dama, ta buɗe shi a hasken rana. A ƙarƙashin baƙin, fatar duk ta tsattsage, farce biyu sun ɗago, wani wurin ja ne ɗanye. Ashe Usman ɗin ma'aikacin ɗakin magani ne, shi ya rubuta mata man. Habboba ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "'Yar nan, me ya hana ki faɗa?" Yaya Batul ta ce, "Habboba, da Baba ya gani ba zai bar ni in dawo ba. Ni kuma ina son nan. Ina zuwa makarantar yamma, an ce za a mai da ni wajen naɗe kaya." Ko sau ɗaya ba ta dube ni ba.

Da muka dawo, Habboba ta sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya tana ba da labarin abin da ta gani. Wasu sun yarda, wasu sun ce tsohuwa rufa wa jikarta asiri take. Baba ya aika wa Yaya Batul ta dawo gida, ta aiko da haƙuri, ta yi zamanta. Idris ya auri wata kafin damina. Yaya Batul ba ta taɓa yi mini faɗa ba, tana ma kawo mini tsaraba kamar da, sai dai daga ranar, duk zuwan da za ta yi, jakarta da kwaɗo take.

Ta yi shekaru masu yawa a Bahri, can ta yi aure, can ta haihu, unguwar da muka gani ba rufi ta zama tsakiyar gari. Da yaƙin nan ya ɓarke a Khartum, masana'antun suka tsaya, wasu suka ƙone, ta dawo Gadarif da 'ya'yanta a bayan babbar mota, ta sauka a ɗakin Habboba, wadda ta riga mu gidan gaskiya. Yanzu garinmu ne ya cika da baƙin fuskoki, makarantar da muka yi wasa a cikinta ma 'yan gudun hijira suka zauna, mu ne ba mu san maƙwabtanmu ba. Wani lokacin da la'asar nakan ga ta dakata da abin da take yi ta juya yamma, ta wajen Bahri, kamar mai sauraron jiniya, sannan ta ci gaba. Muna cin abinci a tire ɗaya, muna hira kan komai. Har yau ban buɗe baki na nemi gafararta ba, ita ma ba ta taɓa nuna tana jira ba.