Launin Furar da Mannir Ya Bar Mini

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, shida ga watan Nuwamba, aka kira ni daga Gusau aka ce Mannir Furfuri ya rasu bayan jinyar kwana tara.

Mannir, kai ka rubuta manhajar da muke yi wa marasa lafiya rajista a ɗan asibitinmu na Bungudu. Ni kuwa, Rabi mai ba da kati, na tsani abar nan. Farin tagarta a fuskar kwamfuta yana soke mini ido, kafin azahar hawaye sun hana ni ganin suna. Har an fara raɗe-raɗin a sallame ni, ga marayu huɗu ina riƙo.

Da ka zo, faɗa na tare ka da shi. Ka bari na sauke, sannan ka tambaye ni launin da ba ya cin idona. Don gatse na nuna maka furar da na dama, na ce wannan. Ashe ba ka san gatse ba. Ka ajiye kwanon kusa da kwamfuta, kana canja wasu haruffa da lambobi shida, bangon tagar yana rikiɗa a gabana, sai da na rasa bambanci tsakaninsa da furar. Ban taɓa zaton launi yana da lamba ba. Shekara uku ke nan ina kan kujerata.

Makon jiya Malama Salma, abokiyar aikinka, ta zo sabunta manhajar. Na ce shi ke nan, farin zai dawo. Ta buɗe rubutunka na cikin manhajar, ta karanta mini abin da ka ajiye a saman layin lambar launin: "Kar a taɓa wanga launi, idon Inna Rabi na." A ƙasa akwai wasu launuka uku, kowanne ya fi na samansa duhu, ka ce a bi su ɗaya bayan ɗaya in idona ya ƙara rauni.

Ka yi wa tsufana tanadi, kai da ba ka cika arba'in ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba Hajiya mahaifiyarka, da matarka Mansura, da 'ya'yanka haƙuri. Jiya na sa Salma ta mayar da ni kan launi na biyu, wanda ke bin na furar.