Randar Inna Mai Huji Uku

Duk ilimin gudanar ruwa da ke duniya, daga teku har hawaye, yana cikin randa guda mai yoyo. Na faɗi haka ina malamin lissafi a elementaren Taura, Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar ba, kuma har yau ban janye ba.

Lokacin ba na iya zama wuri ɗaya. Na gaji da biyu sau biyu. So nake a tura ni Kano ƙaro karatu, an kuwa ce Baturen makarantu ba ya tura kowa sai wanda ya nuna masa wani abu. Ana nan sai na lura da randar mahaifiyata: in ta cika, yoyonta da ƙarfi, in ruwan ya yi ƙasa sai yoyon ya ragu. Na ce lallai akwai lissafi a nan. Na samo ƙusa na ƙara mata huji biyu.

"Kai wannan," in ji Inna, don ba ta kama sunan ɗan fari, "bokon ke nan? Mutane na toshe huji, kai kana ƙarawa?"

Ba ni da agogo, sai carbi. In tara ƙoƙo, in ja har ya cika. Kullum adadin daban yake fitowa, saboda da na tuna Kano sai yatsuna su kama gudu. Baba yana zaure wajen almajiran darasinsa, ya leƙo ya gan ni ina zagaye randa ina tsaki.

"Ba ruwan ne ke gaggawa ba, kai ne. Kawo nan."

Ya ja carbin yadda yake jan wuridinsa, adadi ya tsaya cak. Ashe in zurfin ruwan ya ninka huɗu, saurinsa biyu kawai yake ninkawa. Na rubuta shafi shida, na sake kwafa sau uku don kada a ga gogewa, na aika.

Duk ƙarar keken da na ji sai in bar aji in fito, ko masinja ne. Amsa ba ta zo ba sai bayan kaka. Baturen ya ce wani Bature ya gano wannan tun kafin a haifi kakan kakana, amma bai taɓa ganin rubutu mai kyau kamar nawa ba.

Maimakon Kano, sai aka ba ni aikin akawu. Shekara goma sha ɗaya na yi a Dutse ina kwafar wasiƙu.