Makunnin Baba Ja-da-Kore

Ƙarfe bakwai na safe za ka ji kukan kekensa kafin ka gan shi, don sarƙar keken ta yi shekaru tana neman mai bai kula ta ba. Jakar fata na ɗaure a baya, a cikinta akwai filaya, sukundireba biyu, testa da ƙullin waya. Yana bin layinmu shago-shago, ya yi sallama, ya leƙa ƙarƙashin injin kowa, ya danna jan maɓalli ya ji ko yana aiki, sannan ya wuce. Babu wanda ya sa shi. Shekara talatin da ɗoriya ke nan mai gyaran wutar layinmu yana wannan zagaye, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye jakar, don ido ya fara gazawa, hannu ya fara rawa.

Ni kafinta ne, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma ina da dalilin ɗaukar biro a kansa, kuma dalilin yana nan a hannuna na dama.

Sunan Ja-da-Kore daga aikinsa ya samo shi. Duk injin da ya haɗa wa wuta sai ya sa masa maɓalli biyu, kore na kunnawa, ja na kashewa, da wani ɗan akwati a tsakaninsu da moton injin, wanda suke kira kwantakta. In aka ɗauke wuta injin yana cikin aiki, akwatin sai ya saki. Ko wuta ta dawo, injin ba zai tashi ba sai mutum ya zo da ƙafarsa ya danna kore. Makunnin bango irin na fitilar ɗaki kuwa, yadda ka bar shi haka wuta za ta dawo ta same shi.

Irin wannan makunnin fitilar na ɗaura wa injin zartona da kaina ranar da na kawo shi. Ina ta jin daɗi na yi dabara. Washegari Baba ya shigo, ya dube shi, ya dube ni.

"Kafinta, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Ni ne, Baba. Ai yana aiki."

"Yana aiki mana. Ranar da zai yi aiki ba ka sa shi ba nake jiye maka."

Kafin in ce wani abu ya je ya zare fis ɗin shagon ya jefa a aljihu. Haka yake yi ko'ina, wai wutar da ke aljihunsa ce kaɗai ya yarda ba za ta kama shi ba. Ni kuwa ina da ƙofofi shida da aka ce a gama kafin Juma'a. Wallahi raina ya ɓaci. Na yi ta zirga-zirga ina tsaki, shi ko a jikinsa. Ya wuni yana jan waya, ya ɗaure wayar ƙasa mai hana wuta kama mutum a jikin injin, ya sa koren can ciki-ciki yadda hannu ba zai taɓa shi bisa kuskure ba. Jan kuwa, wani ƙato mai faɗin kai, ya kafa shi daidai gwiwata.

Na ce, "Baba, ai ya yi ƙasa."

Ya ce, "Hannunka biyu na kan katako, da me za ka kashe? Da hanci?"

Bai tafi ba sai da ya sa na riƙe katako na buga jan da gwiwa sau uku, mai walda da ke maƙwabtaka da ni yana bakin ƙofa yana sheƙa dariya. Sannan ya mayar da fis ɗin, ya kunna injin, ya kashe wutar shagon gaba ɗaya, ya mayar, ya ce in saurara. Shiru. Ya ce, "To, wannan shirun na zo sa maka."

Bayan shekara biyu, wata rana da azahar, ina tsaka da tsaga katako aka ɗauke wuta. Wani guntu ya maƙale tsakanin bakin zarton da tebur. Duk kafinta ya san halinmu: da injin ya yi shiru, sai zuciya ta ce a kashe yake. Ban danna komai ba. Na zura hannun dama, yatsuna uku tsakanin haƙoran zarton, ina ƙoƙarin zaro guntun. Sai fanka ta fara juyawa a kaina. Rediyo ya ci gaba da maganarsa. Injin mai walda ya ɗauki ƙara ta bayan bango. Zartona bai motsa ba.

Na zaro hannun a hankali na zauna a ƙasa cikin garin katako. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Washegari da safe na tari Baba da labarin ina godiya. Ya ce, "Ka danna ja kafin ka sa hannu?" Na ce a'a. Ya ce, "To riƙe godiyarka, ka daina wannan sakarcin." Ya hau kekensa.

Ba ni kaɗai ba ne. Mai niƙa ta ƙarshen layi, ranar da bel ɗin injin ya kama gefen mayafinta, da gwiwa ta tsayar da injin, mata huɗu na tsaye suna gani. Har yau in ya wuce sai ta ɗaga murya ta ce, "Baba, Allah ya ƙara nisan kwana!"

Baba, kai ne mai aikin da ba a gani, don in ya yi kyau babu abin da ke faruwa. Kai ne ka jure fushinmu da tsakinmu ba ka taɓa rage waya ɗaya don a ce kana da sauri ba. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta lafiya.

Masu gyaran wuta da ke tasowa, ku je ku zauna da Baba tun yana iya nuna muku da hannunsa. Masu inji kuma, yau ɗin nan ku kunna, ku kashe wutar shago, ku mayar, ku saurara. In injin ya tashi da kansa, kada ku sake taɓa shi sai an canza makunnin.

Na so in kai masa wannan takardar ya karanta, amma idon ba zai bari ba. Zan karanta masa da bakina, sannan in miƙa masa hannu mu gaisa, ya ƙirga yatsun da kansa. Biyar ne, Baba.