Goman Has a Hannun Abdulghani

A unguwar Ammariyya ta Jidda aka haifi Badaru, a gidan hayar da kakansa ya kama bayan ya zo aikin hajji daga Haɗeja bai koma ba. Gyaran mukayyif ne sana'arsa tun yana saurayi, kuma a Jidda mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ba ya rasa aiki. Amma idan ka tambayi mutanen unguwa wane ne Badaru, ba wanda zai ambaci mukayyif. Cewa za su yi, "Ai mutumin nan da ke sa shayi ya huce kafin ya jefa karta ɗaya."

Balut suke bugawa, kartar mutanen ƙasar, ta mutum huɗu, biyu suna haɗa kai a kan biyu. Ba a sa ko sisi. Duk Juma'a bayan la'asar sukan hau saman gidan Badaru su shimfiɗa darduma, su tashi sallar magariba, su dawo su ɗan ƙara kafin isha. Abokin haɗin Badaru shi ne Abdulghani, mai sayar da yadi a Bab Makka, wanda suka yi makarantar allo tare. Abokan karawarsu kuwa Zaharadden ne da Muslim, direbobi biyu marasa haƙuri.

A balut, wanda ya ga hannunsa ya yi kyau shi ke cewa ya saya, sai nauyin zagayen ya hau kansa. Badaru yana son saye, amma abin da ya fi so shi ne abin da ke biyo baya. Sai ya ƙura wa darduma ido, leɓe yana motsi.

"Yalla, ya sheikh, yi sauri, gemuna ya fara fari," in ji Zaharadden.

"Yi haƙuri. Kai ka ƙi saye alhali an buɗe ikka a ƙasa, ke nan ba ka da gomanta. Muslim ya yar da shayib ba tare da ya yi tsaki ba, ke nan akwai abin da ya fi shi a hannunsa. To saura me?"

Ikka ita ce babbar karta, goma na bin ta, sannan shayib, tsohon nan mai gemu. Abin haushin shi ne yawanci Badaru yana da gaskiya. Ya ɗauki halin har cikin gida. Ya taɓa gaya wa matarsa Saudatu cewa 'yar'uwarta ta zo da rana, domin ya ga an fito da kofunan baƙi kuma dabinon ya ragu ta gefe ɗaya. Saudatu, wadda ke kiransa da sunan ɗansu, ta ce, "Abu Yazan, takalmanta ne ka tsallake a bakin ƙofa. Tana ɗaki tana jin ka."

Wata Juma'a bayan magariba Badaru ya sayi zagaye. Ya jefa ikkar has, wato mai hoton zuciya. Doka ce duk mai irin kartar da aka jefa ya bi da ita. Direbobin suka bi da ƙanana, Abdulghani kuwa ya jefa bakwan diman, jar karta mai kusurwa huɗu. Badaru ya gyaɗa kai. Abokinsa ba shi da has ke nan, don haka goma tana hannun ɗaya daga cikin direbobin, in ya sake taɓa has zai miƙa musu nasara a faranti. Ya bar has, ya bi wata hanya mai tsawo, yana murmushin wanda ya ga ƙarshen labari. A jifa ta ƙarshe sai ga goman has ta fito daga hannun Abdulghani.

Zaharadden ya buga cinya. "Kana da ita ka ɓoye! Zagayen namu ne gaba ɗaya!"

Abdulghani ya ce kartar ce ta manne da 'yar'uwarta, zafi ya yi yawa. Badaru ko shayinsa bai sha ba. Ba faɗuwar ce ta dame shi ba. Lissafinsa ne ya fita daidai amma amsa ta zo a karkace, shi kuwa bai yarda akwai irin wannan a duniya ba.

Abin ya sake faruwa, ya kuma sake. Muslim ya fara cewa tsufa ne. Badaru ya daina karanta hannun direbobi ya koma karanta abokinsa, har ya yi ta faɗuwa a zagayen da bai kamata ba. Ya lura Abdulghani bai taɓa kuskure da hasken la'asar ba, sai an kunna ƙwan lantarki. Bai taɓa rikita shayib da wata karta mai hoton mutum ba, sai masu lamba. Ya kuma lura ya koma riƙe karta dab da hanci, shi da a da yake riƙe ta can nesa kamar mai karanta jarida a gaban jama'a. Ranar wata Asabar ya biya ta shagonsa a Bab Makka ba tare da dalili ba, ya tarar wata mata ta nemi yadi shuɗi mai duhu, Abdulghani yana sauko mata da baƙi yana rantsuwa shuɗi ne.

Ya san in ya faɗa masa kai tsaye, faɗa za a yi. Abdulghani mutum ne da ke alfahari da cewa yana gane zaren yadi daga tsallaken titi. Sai ya ce masa, "Ya akhi, idona na damuna, kuma ba na son zuwa asibiti ni kaɗai. Raka ni."

Abdulghani ya raka shi, yana yi masa tsiya a hanya cewa yawan zura wa darduma ido ne. Da aka gama duba Badaru, sai ya ce wa likita, "Tunda mun zo, duba mini wannan ma, don ya ga ba ciwo." Likita ya haska fitila, ya ce yanar ido ce ta rufe na dama, ta kuma fara na hagu, aiki ne ƙarami in an yi da wuri.

A mota Abdulghani ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun goman has. Kai ba ka ha'inci, kuma ba ka mantuwa. Da na cire waɗannan biyun, ido kaɗai ya rage."

"Da ka gaya mini mana."

"Da ka zo?"

Abdulghani ya juya yana kallon titi. Can ya ce, "Halas, shi ke nan. Amma kai za ka kawo ni ranar aikin."

Abin da Badaru bai sa a lissafi ba shi ne nasa sakamakon. Ƙarya ya yi da ya ce idonsa na damunsa, amma likita ya rubuta masa tabarau mai kauri, ya kuma yi mamakin yadda yake haɗa wayoyin mukayyif da irin wannan ido. Saudatu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Bayan Abdulghani ya warke aka koma saman gida, shi ba tabarau, Badaru da nasa a kan hanci. Ganin Abdulghani ya dawo fiye da yadda kowa ya so. Yanzu yana biye da kowace karta, kuma da zarar an gama zagaye sai ya fara: me ya sa ka ja ikka da wuri, me ya sa ba ka bar Muslim ya shigo da kansa ba. Badaru ya kare kansa da dogon bayani, Abdulghani ya rushe shi da wani dogon. Zaharadden da Muslim, waɗanda a da mutum ɗaya suke jira, suka koma jiran biyu. Muslim ya fara zuwa da gyaɗa a leda, yana ɓarewa har su gama.