Shuni a Babban Yatsa

Har gobe ban manta da wata Alhamis ba, kwana biyu kafin mu buɗe baje kolin tufafi a ƙaramin gidan tarihin da nake aiki a Manhattan. Ku sababbin ma'aikata kun iske ni ina damun kowa da maganar safar hannu, to ga dalili.

Lokacin ina mai ɗaukar kaya, matakin ƙasa. Dokarmu ita ce ba a taɓa kayan tarihi da hannu tsirara, kuma duk wata ɓarna sai an rubuta ta a takardar lafiyar kayan, da sunan mai laifi. Baje kolin na rayuwar wani Bature ne na Ingilar ƙarni na sha tara, wanda ya fara da tsintar zare a masaƙa, ya mallaki masaƙu, daga baya ya shiga majalisar dokoki yana kare cinikin yadi. Jikokin jikokinsa suka ba mu aron littafinsa na samfurin yadi.

Ina buɗe shafi na ga wani ƙyalle baƙi mai sheƙi, an rubuta cewa masaƙarsa ce ta yi. Ni kuwa shekara goma na yi ina sayar da yadi a kasuwar Kwari ta Kano. Ban san sanda na zare safa na murza shi ba. Sai ga shuni a babban yatsana, ga kuma dusasshen tabo a jikin ƙyallen.

Na sa hannu a aljihu, na fita, na dawo, na sake fita. Sau uku ina tsayawa gaban famfo ban kunna ba. Ina da 'ya'ya uku a unguwar Morrisania, kuma ba ni da wani aikin.

Malam Isufu, maigadinmu ɗan Damagaram, ya kalli yatsan ya ce, "Turkuɗi ne wannan, Garba. Wanke ka yi shiru, in ba haka ba patron, shugabarku, ta kore ka yau."

Na ce, "Ƙyallen nan ɗan garin Kura ne, Malam. Kakana mabugin turkuɗi ne. Inji bai taɓa yin wannan ba."

"To, kakanka ne zai ciyar da yaran?"

Ban ci abincin rana ba. Da la'asar na shiga ofishin shugabar sashen adana kaya, na ɗora hannuna a teburinta. Na ce mata shunin da aka buga cikin yadi da sanda ne kaɗai yake bin fata haka. Ta daɗe tana kallon yatsan, sannan ta ce, "Ka san sai na rubuta ka?" Na ce na sani.

An dakatar da ni mako biyu. Kafin in dawo sun duba ƙyallen da madubin ƙara girma, sun ga saƙar hannu ce, aka gyara bayanin: daga ƙasar Kano Baturen ya sayo shi don masaƙarsa ta kwaikwaya.

Na koyi cewa mutanen wannan sana'a suna karɓar gaskiya, amma ba sa yafe tabo, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, ba wanda ya san masaƙin, ko marinin, ko mabugin. Sunan Bahaushe ɗaya ne a fayil ɗin ƙyallen nan, nawa, a layin wanda ya ɓata shi.