Nakiya a Gefen Jirgin Shinkafa

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da wani Alhaji ɗan garinmu ya kira ni matsoraci a gaban jama'a a unguwar Abu Hail ta Dubai ba. Shi ne fa ya sama mini aikin kuku a jirgin ruwa na katako, ya rantse mini iyakarmu Oman. Sai da muka yi nisa a teku na ji ashe Yaman muka nufa da shinkafa da fulawa, ana tsakiyar yaƙi.

Wata rana da hantsi ina yanka albasa, inji ya mutu. Ana cikin gyara sai wani ya kwarma ihu. Na leƙa, ga wani baƙin abu kamar randa, da ƙahoni, ruwa yana turo shi wajenmu. Nakiya! Kyaftin ɗinmu, wani tsoho Ba'indiye, ya fizgo gorar da muke kafa rumfa da ita ya cusa mini.

"Yalla, maza, Najeriya! Kai ne dogo!"

Na kwanta a bakin jirgi, rabin jikina a waje, mutum biyu suka riƙe ƙafafuna. Tsohon yana ta faɗi a kunnena, "Shwaiya, shwaiya, a hankali, kada ka taɓa ƙahon!" Na ɗora bakin gorar a jikin nakiyar, na tura. Ta juya, ta dawo. Na sake turawa, salati kawai nake yi, gumi yana shiga idona. A haka muka lallaɓa ta har ta wuce bayan jirgi. Wallahi da injin ya tashi, tsohon nan rawa ya yi, ya sumbaci goshina da warin albasata da komai!

Da muka dawo Dubai na ajiye aikin, don ina da 'ya'ya a gida. Ranar Juma'a muna cin abinci da 'yan garinmu, Alhajin ya nuna ni da cokali.

"Ga jarumin albasa! Tafiya ɗaya ya gudo, matsoraci."

Aka kwashe da dariya. A nan na gane wanda bai taɓa shiga ruwa ba ya fi kowa bakin jarumta. Na tsame hannuna, na dube shi.

"Alhaji, ƙarya ka yi mini, ka tura ni bakin mutuwa. Jirgin yana nan ana loda shi, kuma suna neman kuku. Tashi mu je, ni zan riƙe maka ƙafa."